Barira da Baƙin Cikin Waya

Shekara ashirin da huɗu Khala Barira ta yi tana share gidan Shaikh Muhammad Sani a Omdurman, ba wanda ya taɓa neman jin ta bakinta a kan komai, kuma hakan ya yi mata daidai. Sai a shekarar korona aka ɗora mata waya a kan sanda, aka ce daga yau ita ce mai zagawa da baƙi.

Maƙwabciyata ce a unguwar Hajj Yusuf ta Khartum, katanga ɗaya ta raba mu. Sunana Ni'imatu, ina koyarwa a firamaren 'yan mata, kuma ni nake shan labarin duk abin da ya ɓata mata rai, don kafin ta shiga gidanta sai ta biyo ta nawa ta sauke. Muna ce mata Khala, wato ƙanwar uwa, ko da yake ba mu haɗa jini ba.

An haife ta a wani sansanin leburorin gona a Jazira, kusa da Wad Madani. Kakanta daga ƙasar Haɗeja ya taso da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya ce bari ya yi tsinkar auduga ta shekara ɗaya, shekarar nan ba ta ƙare ba har ya koma ga Allah. Ita ma da auduga ta buɗe ido. Ta yi makarantar allo kaɗan, tana gane baƙaƙe in ta natsu, boko kuwa aji biyu ta yi. Ta auri Ibrahimu mai buga tubali, suka taso Khartum, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Wata ƙanwar mijin ce ta samo mata aikin shara.

Shi Shaikh Muhammad Sani malami ne da ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya yi hajji, ya dawo ya zauna Omdurman yana karantarwa har ya rasu. Jikokinsa sun watse, wasu Jidda wasu Doha, amma ba su sayar da gidan ba, suka mai da shi ɗan gidan tarihi. Ɗakuna uku ne da tsakar gida da bishiyar dalbejiya ɗaya. Na farko alluna ne da hotuna. Na biyu gadon igiya da buzu da carbi mai dubu. Na uku, can ƙurya, nan ne ainihin kayan suke: sandar da ya yi tafiya da ita, salkar ruwa, takalman fata, takobi, da gafaka bakwai cike da littattafan rubutun hannu. Katangar ɗakin ta laka ce mai kaurin kamu biyu, taga ɗaya ce ƙarama can sama.

Mai yi wa baƙi bayani wani tsohon malamin tarihi ne, Ustaz Hussein. Ita Barira tata ita ce tsintsiya da tsumma, da ɗan man riɗi da take shafa wa fatun don kada su tsage. Doka ɗaya ta kafa wa kanta tun farko, ba wanda ya sa ta: rana ba ta ganin kayan ɗakin ƙurya.

Da korona ta zo aka rufe gidan. Ustaz Hussein na da ciwon ƙirji, 'ya'yansa suka hana shi ko leƙa waje. Sai Tariq, ɗaya daga cikin jikokin Shaikh, wanda ke aiki a Doha, ya kira ta.

"Khala, yanzu duniya ta canja. Manyan gidajen tarihi duk ta bidiyo ake ziyartarsu. Mutum na zaune a Kano ko Landan sai ya ga komai."

"To su gani mana, ɗana. Ni na hana su?"

"Ai ke za ki nuna musu. Ba kya jin abin da Ustaz ke faɗa kullum?"

Ta ce tana ji, har ta gaji da ji. Shi ke nan, ta ja wa kanta. Bayan mako biyu wani abokinsa ya kawo mata waya sabuwa da sanda mai miƙewa.

Ni na koya mata inda ake dannawa. Ranar farko ta dawo tana cewa baƙi shida ne suka shigo kuma duk dariya suke yi, ita ba ta ga abin dariya ba. Da na bincika sai na gano kyamarar fuskarta take kallo. Kusan minti ashirin tana bayanin alluna da buzu, su kuwa hancinta da gefen mayafinta kawai suke gani, kuma ba wanda ya iya gaya mata.

Wannan ta gyara. Abin da ba ta iya gyarawa ba shi ne mutanen. Ta sa musu suna baƙin cikin waya, kuma in ta faɗa ba ka sanin wanne take nufi, baƙin da ke cikin wayar ko abin da suke cusa mata.

"Ni'imatu, kin san abin da na gani yau? Namiji baligi, kwance a kan gado da singileti, yana cin wani abu da cokali. A gidan Shaikh! Da can mutum sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Na ce masa, bawan Allah, tashi ka zauna. Ya ce wai ai gidansa yake. Na ce gidanka kake, amma idonka a namu yake."

Wani ya tambaye ta nawa za a sayar masa da takobin. Wata ta ce ta zare shi ta ɗan kaɗa a gani. Kowa cewa yake ta matsa kusa, ta ja baya, ta juya hagu, in ta juya hagu a ce ba wannan hagun ba. Ga lokaci. Tariq kan sa ziyara a sa'ar da ta dace da baƙi, wato sau da yawa ƙarfe biyu na rana, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta tsaya a tsakar gida. Daga Hajj Yusuf zuwa Omdurman mota biyu take shiga, ta bi ta Bahri ta haye gadar Shambat. Ran da aka rufe gadar saboda zanga-zanga ta zagaya ta wata, ta yi awa uku a hanya, tana buɗe ƙofar gidan saƙo na shigowa: baƙon ya ce a ɗaga zuwa gobe, barci bai ishe shi ba.

Amma babbar matsalar ita ce shabaka, wato abin da mutanen Najeriya ke ce wa sabis. A ƙarƙashin dalbejiya wayar na kamawa sosai. A ɗakin farko tana kamawa in an tsaya kusa da ƙofa. A na biyu sai hoto ya riƙa daskarewa. Ana sa ƙafa a ɗakin ƙurya kuwa komai ya mutu. Kuma kowa ɗakin ƙuryan yake son gani.

Ta gwada tsayawa a bakin ƙofa tana miƙa sandar ciki, ba a ganin komai sai duhu. Ta ari babban madubin ɗakina, ta shiga mota da shi a cinya, ta jingine shi yadda zai hasko cikin ɗakin. Baƙi suka ga takobi a juye da kuma wata mata tana riƙe da sanda tana tsaki. Madubin nan bai dawo mini da duka kusurwoyinsa ba.

Tariq ya ce abin mai sauƙi ne, ta riƙa fito da kayan ƙarƙashin bishiya.

"Ba zan fito da su ba."

"Khala, minti goma ne fa."

"Ko minti ɗaya. Ka san shekarar salkar nan? Ta girmi uwarka ta girmi kakarka. Kana zaune a sanyi kana ce mini minti goma."

Ya ce zai aiko da na'urar da za ta kai shabaka ciki. Ya faɗi haka a watan azumi, ya sake faɗa bayan babbar salla. Haka aka yi kusan shekara, baƙi na ganin alluna da gadon igiya, sauran kuma sai dai ta siffanta musu da baki.

Sai ga Dakta Abdullah. Malamin jami'a ne a Kano, yana bincike a kan alhazan da suka bi ta ƙasa zuwa Makka, kuma ya ji cewa a cikin gafakokin akwai wani littafi da Shaikh ya rubuta da Hausar ajami, yana lissafa garuruwan da ya ratsa da abin da ya gani a kowanne. Wannan baƙon dabam yake. Da babbar riga da hula yake zama gaban kyamara, ya gaishe ta har ya tambayi yara. Ta ce mini Hausarsa kamar ta rediyo, shi kuma ya ce tata rabinta Larabci ne.

"Mama, hoton ya tsaya, ko sabis ne?"

"Wane sabis kuma? Shabaka ce, ma fi."

"Mafi me, Mama?"

"Babu! Ma fi, babu! Kai ba dakta ba ne?"

Sau huɗu yana yin ziyarar, sau huɗu yana roƙo. Bai matsa mata ba, wannan ne ma ya fi damun ta. Cewa kawai yake ya gane, Allah ya saka mata da tsare amana, sai ya riƙa kallon ta da ido kamar na maraya. A karo na biyar ta ce to, sau ɗaya, da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma a inuwa.

Watan Yuli ne. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ta sa faranti babba, ta rufe shi da farin ƙyalle, ta yi bisimilla ta buɗe gafakar. Irin littattafan nan ba ɗinki gare su ba. Takardu ne warwatse a jere tsakanin fatu biyu, an ɗaure da igiya. Ta san yawansu don ta sha kaɗe musu ƙura: ɗari da goma sha tara. Hannu ɗaya na riƙe da sanda, ɗaya na juya takarda. Dakta na karantawa a bayyane. Ya ce ta ɗan tsaya ya ɗauki hoto, ta tsaya. Ya ce ta koma ta baya, ta koma. Abin da aka ce rabin awa ya kai awa ɗaya da rabi, suna takarda ta arba'in da ɗaya.

Ba ta ga hadarin ba don ta ba gabas baya. Iskar ta zo gaba ɗaya, ba sallama. Ta ce mini da idonta ta ga littafin Shaikh ya tashi kamar an kori tantabaru.

Ta saki sandar. Wasu takardun sun manne a katanga, wasu sun maƙale a rassan bishiya, wasu sun haye zuwa gidan maƙwabta, wasu sun bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa titi. Tana gudu tana salati, mace mai shekara kusan sittin da ciwon gwiwa, mayafi ya faɗi ba ta ko waiwaya ba. Wayar na kwance a ƙasa tana kallon sama, muryar Dakta na fitowa: "Mama? Mama, ganye kawai nake gani. A ɗan gyara kyamarar."

Ta ce a ranar ne ta gane cewa tana iya zagin malami.

Allah ya taimake ta da mutanen unguwa. Mai shagon kusa ya rufe shagonsa, mata suka fito, wani mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya tsaya a tsakiyar titi ya tare motoci yana tsintar takardu. Kafin ruwa ya sauko sun tara ɗari da goma sha takwas. Ta ƙarshen a garken maƙwabciya aka same ta, akuya ta riga ta ci kusurwa ɗaya. Biyu sun faɗa inda tulun ruwa ke ɗiga, tawadar ta ɗan baje.

Da yamma ta shigo gidana ba ta ko gaishe ni ba. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, na ba ta ruwa ta sha, sai ta ce, "Na ce ba zan fito da shi ba. Shekara guda ina cewa. Kin ji ni ko ba ki ji ni ba?" Na ce na ji ta. Ta ce, "To me ya sa ni ban ji kaina ba?"

Ta kira Tariq a gabana ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya ce laifinsa ne da bai aiko da na'urar ba. Ta ce ta sani, ba don ya gaya mata ta kira shi ba.

Saura jerawa. Takardun sun cakuɗe, ba lamba a jikinsu, Ustaz Hussein kuma idonsa ya yi rauni, ba ya iya karanta siririn rubutun. Ta yi kwana uku ba ta ɗauki kiran Dakta Abdullah ba. A na huɗu ta ɗauka don ta gaya masa ya daina kira. Kafin ta buɗe baki ya ba ta haƙuri, ya ce ta duba ƙasan kowace takarda ta gefen hagu, za ta ga kalma ɗaya ita kaɗai. Marubutan da can suna yin haka ne don irin wannan ranar: kalmar nan ita ce ta farko a takarda mai bi mata. Guda arba'in da ɗaya na farko kuma yana da hotonsu a jere.

Mako uku suka yi. Takardun na cikin ɗakin farko, ƙofa a saye, kowace an danne ta da ɗan dutse. Ta ɗauki ɗaya ta je bakin ƙofa inda wayar ke kamawa, ta nuna masa ƙasanta, ya karanta kalmar, ta koma tana neman mai farawa da ita da karatunta na allo da ta yi shekara hamsin ba ta taɓa ba. Takarda tara ne suka fara da "sa'annan". Wutar lantarki ta ɗauke, waya ta mutu, a bari sai gobe. Wata rana suka yi gardama a kan sunan wani gari, shi yana karanta shi yadda baƙaƙen suka nuna, ita ta ce ba haka ake faɗa ba, maƙwabcinsu a Jazira mutumin can ne. Ya duba taswira ya ce ita ce da gaskiya. Ta ce da ma ba tambayarsa take yi ba.

Ran da suka gama ta ɗaure igiyar, ta mayar da gafakar ƙurya. Dakta ya ce in littafinsa ya fito zai sa sunanta a ciki. Ta ce ya sa na akuyar ma.

A ƙarshen shekarar nan aka yanke intanet a ƙasar na makonni. Kowa na kuka, ita kaɗai ce a Hajj Yusuf na ga tana walwala. Ta share gidan Shaikh lungu-lungu, ta shafe fatun, ba mai ce mata ta juya hagu.

Na'urar Tariq ta iso daga baya, da doguwar wayar haɗi da ɗan faifan hasken rana. Ta tsaya a kan mai haɗawa, ta hana shi huda katanga, sai ta taga aka zura. Shabaka ta shiga ƙurya, baƙi suka ninka. Ustaz Hussein ya dawo aiki, ta miƙa masa sandar da hannu biyu tana hamdala. Bai yi mako ba baƙi suka fara tambaya ina matar nan mai faɗa. Tariq ya raba musu kwanaki, uku nata uku nasa, ya kuma ce a riƙa ajiye bidiyon ziyarar. Ta yi mita har ta gaji, ta ci gaba da zuwa.

Yaƙi ya tashi a watan Afrilun 2023. Ba ta sake haye gadar ba. Mota ɗaya muka shiga muka bar Hajj Yusuf, yanzu muna Gadarif, ita a wurin babbar 'yarta, ni a gidan ɗan'uwana, tafiyar minti goma tsakaninmu. Labarin gidan Shaikh bai zo mana cikakke ba. Wani ya ce ƙofar a ɓalle take, wani ya ce ya ga a rufe. Ba ta son a yi maganar, in aka fara sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Watan jiya Tariq ya haɗa bidiyon da aka ajiye ya sa a intanet, ya rubuta bayani ƙarƙashin kowane abu, ya turo mini in nuna mata. Na yi ta juya abin a raina, ina tsoron kada ta fashe da kuka. Ta karɓi wayar ta riƙe nesa da ido, tana kallon ɗakin ƙurya. Can ta ce in karanta mata abin da aka rubuta ƙarƙashin wani ɗan tandu na fata. Na karanta: kurtun tawadar Shaikh.

"Kurtu? Tandun kwallin matarsa ne! Wane mahaukaci ne ke zuba tawada a fata? Koma baya. Wancan me ya ce?"

Kuskure goma sha ɗaya ta samo. Ta ce in danna mata wurin saƙon murya zuwa ga Tariq. Na danna, ta gyara zama, ta fara daga ɗakin farko.